Sharhi a kan littattafan Lockwood & Co.: ƙasar da manya ke kwana a gida, yara na farautar fatalwa

Lockwood & Co. jerin littattafan ƙagaggen labari ne guda biyar da marubucin nan ɗan Ingila, Jonathan Stroud, ya rubuta domin matasa, kuma sun fito ɗaya bayan ɗaya a kowace shekara daga 2013 zuwa 2017. Na farko shi ne The Screaming Staircase, sai The Whispering Skull a 2014, The Hollow Boy a 2015, The Creeping Shadow a 2016, sannan The Empty Grave ya rufe labarin a 2017. Ana samun su ɗai-ɗai, ana kuma samun su a haɗe, kowannensu kuma littafi ne mai kauri wanda shafukansa ke kaiwa wajen 400 ko fiye. Da Turanci aka rubuta su. Ra'ayina tun daga farko shi ne sun cancanci kuɗin da za a kashe a kansu, kuma suna cikin mafi inganci a irin labaran da ake ginawa a kan matashi mai baiwar jin motsin fatalwa, amma akwai abubuwan da ya kamata uba ko uwa ko malami ya sani kafin ya miƙa su ga yaro.

Labarin yana faruwa ne a birnin Landan, sai dai ba Landan ɗin da muka sani ba. A duniyar da Stroud ya ƙirƙira, an yi kimanin shekara 50 ƙasar Birtaniya tana fama da annobar da mutane ke kira Matsalar kawai, wato matattu sun fara dawowa da dare a siffar fatalwa, kuma duk wanda fatalwa ta taɓa jikinsa zai kumbura ya sauya launi, idan ba a yi masa allurar gaggawa ba ya mutu. Saboda haka gwamnati ta kafa dokar hana fita da zarar rana ta faɗi, an kakkafa fitilun korar fatalwa a kan tituna, gidaje sun cika da ƙarfe da azurfa da gishiri da wani fure mai ƙamshi da ake kira labanda, domin su ne abubuwan da fatalwa ke gudu, tare da ruwa mai gudana. Masu masana'antar ƙarfe sun zama hamshaƙan attajirai. Babu wayar salula a labarin, babu intanet, kamar dai ci gaban ƙasar ya tsaya cik tun ranar da tsoro ya shigo ta.

Ginshiƙin labarin duka yana kan doka ɗaya da marubucin ya kafa: yara da matasa ne kaɗai ke iya gani ko jin fatalwa sosai, kuma baiwar tana dusashewa yayin da mutum ke shiga shekarun girma. Babba yana iya mutuwa a hannun fatalwa, amma ba zai gan ta tana zuwa ba. Daga wannan doka guda ne komai ya tsiro. Kamfanoni sun taso suna ɗaukar yara aiki, suna ba su takubba da sarƙoƙin ƙarfe, suna tura su cikin gidajen da ake tsoro da tsakar dare, yayin da babban da ake kira mai kula da su yake tsayawa a bakin ƙofa da butar shayinsa yana ba da umarni a kan abin da idonsa ba ya gani. Manyan kamfanonin biyu su ne Fittes da Rotwell, waɗanda suka samo sunansu daga Marissa Fittes da Tom Rotwell, matasan da labarin ya ce su suka fara gano yadda ake yaƙar fatalwa. A ƙasa da waɗannan yaran masu kayan sarki akwai wasu yaran talakawa da baiwarsu ba ta kai a ɗauke su a kamfani ba, su ne ake bai wa sanda a sa su gadin dare a ma'aikatu da maƙabartu, kuma su ne suka fi mutuwa ba tare da jarida ta ambaci sunansu ba.

A nan ne na ga darajar littattafan ta fi ta takwarorinsu. Yawancin labaran irin wannan suna ɗaukar baiwar matashi a matsayin ado, abin da ke bambanta shi da sa'o'insa ya sa mai karatu ya yi sha'awar zama kamarsa. Stroud ya ɗauke ta a matsayin abin da manya ke ci da shi. Lucy Carlyle, wadda da bakinta ake ba da labarin duka, yarinya ce daga wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta mai wankau ce, kuma tun tana ƙarama aka kai ta aiki wurin wani mai kamfani da ake kira Jacobs, uwar tana karɓe albashin. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya 'yar talla da cinikinta ke riƙe da tukunyar gidansu ba zai buƙaci a yi masa dogon bayani a kan halin da Lucy ke ciki ba. Wani dare aka tura su wata tsohuwar ma'aikata, Lucy ta ji a jikinta cewa akwai mugun abu a ciki ta faɗa, Jacobs bai saurare ta ba, kuma da abin ya ɓaci ya kasa shiga ya ceci yaran. Abokan aikinta suka mutu, binciken hukuma ya wanke shi, ita kuwa ta tattara kayanta ta nufi Landan ba tare da sallama ba. Marubucin bai yi wa'azi a kan wannan zalunci ba, ya bar shi a fili cikin 'yan shafuka, kuma nauyinsa yana bin mai karatu har littafi na biyar.

A Landan ta sami aiki a mafi ƙanƙantar kamfani a birnin, wanda yake a gida mai lamba 35 a titin Portland Row, kuma shi kaɗai ne babu babba ko ɗaya a cikinsa. Mai kamfanin, Anthony Lockwood, maraya ne mai fara'a da saurin kutsawa cikin haɗari, baiwarsa ita ce gani, har yakan hangi hasken da mutuwa ta bari a wurin da wani ya cika. Na biyunsu George Cubbins ne, mai son abinci da gardama, wanda aikinsa shi ne tono tsofaffin jaridu da takardu domin a san tarihin gida kafin a shige shi. Baiwar Lucy ita ce ji, tare da iya karanta abin da ya faru ta hanyar taɓa kayan mamaci. Tana jin ƙwanƙwasa da raɗa da kukan da sauran ba sa ji, kuma sannu a hankali ta fara jin maganar matattun kansu.

Zaɓen kunne maimakon ido dabara ce mai kyau ƙwarai ga littafi, kuma ita ce ta ba Lucy halinta. Wanda yake gani yakan zaro takobi, amma wanda yake ji dole ne ya tsaya ya yi shiru. Sauran ma'aikata an koya musu cewa fatalwa annoba ce, a nemo tushenta, wato ƙashi ko wani abin da ran mamacin ya maƙale da shi, a lulluɓe shi da ragar azurfa, a kai shi tanderun da ke unguwar Clerkenwell ta Landan a ƙone. Lucy kuwa tana son sanin abin da ya hana mamacin kwanciya. A littafi na farko fatalwar da suka tarar a wani gida ta wata budurwa ce mai suna Annabel Ward, wadda aka kashe aka ɓoye gawarta a bango shekaru da dama da suka wuce, kuma Lucy ta kasa ƙone sarƙar wuyanta saboda ta ji a jikinta irin cin amanar da aka yi mata. Tausayin nan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta, domin ya sha jefa abokan aikinta cikin haɗari, kuma marubucin bai taɓa yanke hukunci cewa ita ce mai gaskiya a kowane lokaci ba. Yarinyar da manya suka ƙi saurara ita ce ta zama mai sauraron waɗanda aka rufe wa baki, kuma ina ganin wannan shi ne zuciyar jerin gaba ɗaya.

A wannan aikin ne suka ƙone gidan mai aikin bisa kuskure, hukumar da ke kula da harkar, wadda ake kira DEPRAC, ta ɗora musu biyan fam 60,000, abin da ya tilasta musu karɓar tayin wani attajirin ƙarfe, John Fairfax, na su kwana a Combe Carey Hall, tsohon gidan da ake cewa yana cikin mafi muni a Ingila. Babin wani ɗakin gidan da ake kira Jan Ɗaki da na matakalar da littafin ya samo sunansa daga gare ta suna da ban tsoro na gaske. Stroud ya san cewa tsoro yana buƙatar ƙa'ida. Kafin a ga komai, yaran suna zagaya gida da ma'aunin zafi suna rubuta inda sanyi ya fi yawa, suna shimfiɗa da'irar sarƙa a ƙasa, suna shan shayi suna jiran dare ya raba. Mai karatu ya riga ya san cewa fatalwa iri uku ce, ta farko mai rauni da ke maimaita abu ɗaya, ta biyu mai wayo da ke farautar rayayye, ta uku kuwa wadda ke iya hira da mutum kuma kusan ba a taɓa ganin ta ba. Ya san kuma cewa fushi da firgici suna ƙara wa fatalwa ƙarfi, don haka gardamar da yaran ke yi a tsakaninsu cikin duhu ba raha ba ce kawai, haɗari ce. Da yake an san dokokin, duk lokacin da sarƙa ta tsinke ko gishiri ya ƙare, gaban mai karatu yakan faɗi tun kafin marubucin ya ce komai.

Halitta mafi ban sha'awa a jerin ita ce wani ƙoƙon kai da ke cikin tulun gilashi, wanda George ya ɗauko daga kamfanin Fittes lokacin da aka sallame shi. Fatalwar da ke cikinsa iri na uku ce, kuma Lucy kaɗai ke jin maganarta. Maƙaryaci ne, mai zuga, mai baƙar magana, kullum yana ba ta shawarar ta kashe abokanta, amma a wasu lokutan shi kaɗai ne ke gaya mata gaskiyar da take gudu. Wanda ya karanta littattafan Bartimaeus na wannan marubucin, waɗanda suka fara fitowa a 2003 kuma tauraronsu aljani ne mai kaifin harshe, zai gane hannun nan take. Dangantakar Lucy da ƙoƙon kan tana girma a hankali cikin littattafai huɗu, kuma abin da ya faru tsakaninsu a ƙarshen na biyar ya taɓa ni fiye da duk wani abin da ya shafi rayayyun.

Littafi na biyu ya ta'allaƙa ne a kan wani madubin ƙashi da aka tono tare da gawar wani likita, Edmund Bickerstaff, a maƙabartar Kensal Green, kuma a ganina shi ne mafi rauni, domin tsakiyarsa ta yi tsawo da bin sawun ɓarayin kayan matattu. Na uku ya kai mu unguwar Chelsea inda fatalwa ta ɓarke ba a san dalili ba, ya kuma shigo da sabuwar ma'aikaciya, Holly Munro. Na huɗu, wanda ya fita daga Landan zuwa wani ƙauye, shi ne ya fi kowanne ƙarfi, domin a cikinsa ne aka fara nuna cewa annobar ba daga sama ta faɗo ba, akwai masu hannu a ciki kuma akwai masu cin riba. Ba zan faɗi abin da na biyar ya bayyana ba. Zan dai ce tambayar da aka dasa tun farko, wato wa ke amfana da mutuwar yaran nan, ta sami amsa, ko da yake an ba da amsar cikin hanzarin da bai dace da tsawon jiran da aka yi ba.

Akwai wasu kurakuran da ba zan rufe ido a kansu ba. Yadda Lucy ke siffanta ƙibar George da ƙazantarsa, musamman a littattafan farko, ya wuce raha ya koma wulaƙanci, kuma yaro mai jiki da ke karantawa ba zai ji daɗinsa ba. Kishin da take yi da Holly a littafi na uku an ja shi ya yi tsawo, duk da cewa marubucin ya nuna a fili cewa laifin na Lucy ne. Sannan labarin kusan bai damu da abin da ke faruwa a wajen Birtaniya ba. Iyayen Lockwood masu bincike ne da suka yawata ƙasashe suna tattaro kayan tsafin al'ummomi daban-daban, kuma waɗannan kayan suna taka muhimmiyar rawa daga baya, amma mutanen da aka ɗebo kayan daga wurinsu ba su da murya ko fuska a cikin labarin. Mai karatu ɗan Afirka zai lura da wannan giɓi tun kafin Bature ya lura.

Batun aƙida shi ne abin da mafi yawan iyaye Hausawa za su fara tambaya, kuma tambaya ce da ta dace. Abin da Musulmi ya yi imani da shi shi ne wanda ya mutu yana barzahu har ranar tashi, ba ya dawowa ya yi yawo a gidajen mutane, kuma ƙarfe ko gishiri ba sa tsare kowa daga abin da ke ɓoye. Littattafan sun ginu ne a kan akasin haka, kuma daga na huɗu zuwa na biyar har an kwatanta wata duniyar matattu mai duhu da sanyi da rayayyu ke iya leƙawa. Ba su kira mai karatu zuwa ga wani addini ba, ba su koyar da tsafi ko kiran matattu ba, hasali ma duk wanda ya nemi leƙa abin da ke bayan mutuwa a cikin labarin ƙarshensa bai yi kyau ba. Duk da haka ban ga hikimar a miƙa su ga yaron da bai kai ya bambance tatsuniya da aƙida ba. Matashin da ya san karatunsa na Islamiyya zai karanta su yadda ake sauraron labarin dodanni, ya ji tsoro ya kuma san ƙirƙira ce. Shawarata ita ce daga shekara 13 zuwa sama, kuma babba ya zauna da yaron su tattauna bayan littafi na farko. Yaron da ke yawan firgita cikin barci a jinkirta masa, domin akwai gawarwaki da jini da kisan kai a kusan kowane littafi, ko da yake ba a tsaya ana ƙawata su ba.

Ta fuskar tarbiyya kuwa sun fi yawancin littattafan matasa na Turai da Amurka kamun kai nesa ba kusa ba. Babu batsa, babu ashar mai nauyi. Shaƙuwar da ke tsakanin Lucy da Lockwood tana nan, kowa yana ganin ta, amma har aka rufe littafi na biyar ba ta wuce kallo da damuwa da juna da kyautar sarƙar wuya ba. Abin da wasu iyaye za su yi ƙorafi a kansa shi ne yarinya da samari biyu suna zaune gida ɗaya babu babba, kowa da ɗakinsa. Labarin ya ɗauki wannan a matsayin alamar duniyar da manya suka gaza, kuma zaman nasu na 'yan'uwantaka ne, ana cin abinci a teburi ɗaya ana rubuta saƙonni a kan mayafin teburin, ana faɗa a kan wanda ya cinye biskit.

Turancin littattafan na Birtaniya ne, mai yawan barkwanci a fakaice, kuma ɗalibin ƙaramar sakandare zai buƙaci ƙamus a kusa da shi a babobin farko. Ɗan babbar sakandare da ya saba karatu zai wuce ba tare da wahala ba, kuma zai ƙaru da kalmomi masu yawa na siffanta wuri da yanayi. A ƙarshen kowane littafi akwai jerin ma'anonin kalmomin da marubucin ya ƙirƙira na nau'o'in fatalwa da kayan aiki, kuma yana da amfani a duba shi tun kafin a fara. Wanda zai saya ya duba littafin da kyau a hannunsa, domin kwafin jabu na littattafan Turanci sun yi yawa a kasuwa, ana gane su da takarda mai shara-shara, rubutu mai dusashewa da ɗaurin da ke ɓallewa, kuma littafi mai kaurin waɗannan ba ya jure mugun ɗauri idan zai zaga hannun yara uku ko huɗu a gida. Akwai su kuma a sigar da ake karantawa a waya da wadda ake saurare. Idan kuɗi bai kai na duka biyar ɗin ba, a sayi na farko shi kaɗai, domin labarinsa ya kammala a kan kansa, amma daga na uku zuwa na biyar a haɗe suke, kuma wanda ya gama na uku ba zai so ya jira ba.

Da yawa sun san labarin ne ta hanyar shirin da Netflix ya fitar a watan Janairun 2023, mai kashi 8, wanda Joe Cornish ya jagoranta, Ruby Stokes ta fito a matsayin Lucy. Shirin ya yi ƙoƙari, ya kuma gyara matsalar George ta hanyar sauya shi zuwa George Karim da cire yawancin zolayar jikinsa, amma kamfanin ya dakatar da shi a watan Mayun shekarar bayan zango ɗaya. Littattafai biyu na farko kaɗai ya ɗauko, kuma ya tsaya daidai lokacin da Lockwood zai buɗe ƙofar ɗakin da ya hana kowa shiga a gidansa. Wanda ya kalli shirin yana iya ci gaba daga The Hollow Boy, sai dai na fi son ya koma ya fara daga na farko, saboda abin da Lucy ke ji a kunnenta da abin da take rayawa a ranta lokacin da take ji, a shafi ne kaɗai aka ba su cikakken wuri, kuma hukuncin da ta yanke a ƙarshen littafi na uku ba zai zauna wa mai karatu daidai ba idan bai bi muryarta tun daga ma'aikatar da abokanta suka mutu ba.